KYANWA DA LAMBUN MAƘWABCI: WA ZAI BIYA ƁARNA?

Karatun wannan mako ya shafi wata mas'ala ce wadda mai jin ta da farko zai ce ba ta kai a ɓata tawada a kanta ba, amma kuwa ta ɓata tsakanin gidaje da yawa waɗanda katanga ɗaya ce ta raba su.

Mutum ne ya gyara ɗan fili a bayan ɗakinsa, ya tone ƙasa, ya zuba taki, ya yafa irin alayyafo ko na latas, yana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa yana ba shuka safe da yamma. Gari ya waye, sai ya tarar an tone fangalin, tsiro ya kwanta saiwa a sama, ga kashin kyanwa an binne a tsakiya. Ya kuwa san kyanwar ko ta wane ce, domin kullum yana ganinta a bisa katanga. Da aka yi wa mai ita magana sai ya ce, ai kyanwa ba akuya ba ce balle a ɗaure ta a turke. Daga nan gaisuwa ta yi sanyi, matan gida suka bar aika wa juna da kwanon tuwo, wata safiya kuma aka tsinci mushen kyanwar a bakin kwata, an sa mata guba. To, a wannan labari mutum biyu ne suka ɗauki alhaki, kowannensu kuwa yana ganin shi ne aka zalunta.

Sai a fara da matsayin ita kyanwar. Imamu Maliki ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa sahabi Abu Ƙatada, Allah ya ƙara masa yarda, ya shiga wurin matar ɗansa, Kabsha 'yar Ka'abu, ta zuba masa ruwan alwala. Sai ga kyanwa ta zo, shi kuwa ya karkata mata ƙwaryar har ta sha ta ƙoshi. Da ya ga Kabsha na kallonsa da mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah ya kore wa kyanwa zama najasa, ya kuma lissafa ta a cikin masu kai da kawowa a gidajen mutane, kamar barori da yara. Babban mai ruwayar hadisi, Abu Huraira, laƙabinsa ma daga 'yar kyanwa ya samo asali, wadda yakan tafi da ita wurin kiwon tumakin gidansu. Saboda haka ajiye kyanwa halal ne, babu wanda zai zargi maƙwabcinsa don ya ajiye ta, balle ga ta tana tsare rumbu da ɗakin girki daga ɓera.

Amma akwai wurin da mutane ke kuskure. Tsarkin da aka ambata na jikinta ne da yawunta da sauran abin da ta sha. Fitsarinta da kashinta kuwa najasa ne a mazhabar Maliki, domin ƙa'idar ita ce, dabbar da cin namanta haramun ne ko makaruhi, to abin da ta kasayar ba shi da tsarki, kyanwa kuwa tana cikin waɗanda aka karhanta cinsu. Shukar da ta tsiro a kan najasa mai tsarki ce, sai dai wajibi ne a wanke abin da ya taɓa ganyen. Likitoci sun ƙara wani bayani a kan wannan. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira toksofilazma, wadda aka fara ganowa a Tunis a shekara ta 1908, aka kuma tabbatar a 1970 cewa a hanjin kyanwa da danginta ne take yin ƙwai. Ƙwan yana fita tare da kashi, bayan kwana 1 zuwa 5 ya zama mai kama mutum, yana kuma iya yin watanni da ransa a cikin ƙasa mai laima. Yawancin masu lafiya ba su ma sanin ta shige su, amma mace mai ciki idan ta kamu da ita karon farko, cutar tana iya taɓa ido ko ƙwaƙwalwar abin da ke cikinta. Latas kuwa ɗanye ake cinsa. Ke nan mai lambun da ya yi ƙorafi ba neman fitina yake yi ba, cutar da yake kuka da ita cuta ce ta gaske.

HUKUNCIN ƁARNAR DABBOBI

Asalin wannan babi yana cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Anbiya, aya ta 78 da ta 79, inda Allah ya ba da labarin Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu suna shari'a a kan wata gona da tumakin wasu mutane suka faɗa mata da dare. Masu tafsiri sun ce Annabi Dawuda ya hukunta a ba mai gona tumakin. Annabi Sulaimanu kuwa ya ga a miƙa wa mai gona tumakin ya amfana da nononsu da gashinsu, masu tumaki kuma su karɓi gonar su yi ta wahalarta har ta koma yadda take, sa'an nan kowa ya karɓi abinsa. Allah ya yabe su duka biyu da ilmi, amma ya ce Sulaimanu ya fahimtar da hukuncin.

A Madina ma an yi irin wannan. Taguwar Bara'u ɗan Azibu ta shiga garkar wani mutum ta yi ɓarna, sai Manzon Allah ya yanke cewa tsaron garka da rana yana kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Wannan hadisi ma yana cikin Muwaɗɗa, a kansa kuma Maliki da Shafi'i da Ahmadu suka dogara. Abu Hanifa ya saɓa musu, yana ganin babu biya ko da dare ko da rana matuƙar mai dabbar ba ya tare da ita, hujjarsa kuwa hadisin da ya zo cewa ta'adin dabba marar magana ba shi da diyya. Laisu ɗan Sa'adu, malamin Masar, ya tsaya a ɗaya gefen, ya ce a biya dare da rana.

Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya gamu da wannan hukunci a Risala ta Ibn Abi Zaid, ya sake gamuwa da shi a Muhtasar na Shehu Halilu. Shi Halilu ya ƙara sharaɗi, ya ce rashin biya da rana sai idan an kora dabbobin nesa da gonaki. Wanda ya saki bisashensa a bakin gona da rana tsaka, suka yi ɓarna, bai kuɓuta ba. Wannan ne ya sa al'adar ƙauye ta ɗaure awaki da tumaki da zarar shuka ta fito, har sai an kawar da amfanin gona, ta dace da shari'a. Hikimar rabon dare da rana ba ɓoyayya ba ce. An saba manomi yana gonarsa da rana, makiyayi kuma yana shigar da dabbobinsa garke da dare, to duk wanda ya bar abin da aka saba shi ne ya yi sakaci, mai sakaci kuwa shi ke biya.

To, ina kyanwa a cikin wannan? Ba ta shiga garke, ba ta da makiyayi, katangar da ke tare saniya ita hanya ce a wurinta, kuma dare shi ne ranarta. Da za a ɗora mata hukuncin tumaki yadda yake, da babu mai kyanwar da zai kwana bai ci bashi ba. Saboda haka malamai suka duba ta ta wata fuska, watau halinta. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya kawo mas'alar a littafinsa Minhaj, ya ce kyanwar da ke ɓata tsuntsaye ko abincin mutane, idan an san ta da wannan hali, mai ita zai biya, dare ne ko rana, idan kuwa ba a san ta da shi ba, babu biya. Masu sharhi sun ba da dalili, suka ce abin da aka saba shi ne a rufe abinci saboda kyanwa, ba a ɗaure kyanwa saboda abinci ba, amma wadda ta zama ɓarauniya, ita ya kamata a tsare. Ibn Ƙudama na mazhabar Hambali, wanda ya rasu a 620, ya faɗi daidai da wannan a cikin Mugni game da kyanwa mai cin 'yan tsakin mutane.

Malaman Malikiyya sun isa wuri guda ta wata hanya. Maliki ya raba dabbobi gida biyu: waɗanda tsaro ke isar musu, da waɗanda suka ɗanɗana shuka suka saba, har ba a iya hana su. Waɗannan na biyu ya ce a fitar da su a sayar a garin da ba shuka. Masu sharhin Muhtasar kuma suka ce dabbar da aka sani da ta'adi, aka gargaɗi mai ita bai tsare ta ba, zai biya ko da rana ta yi ɓarnar. An yi saɓani game da abin da ba ya tsaruwa, irin su tattabaru da zuma da kaji. Asbagu ya ce ba a hana mutum ajiye su, masu shuka su tsare shukarsu. Alƙali Ibnul Arabi na Andalus ya raunana wannan magana, ya ce ana barin mutum ya amfana da abin da ba ya cutar da wani, amma amfanin da sai an cuci maƙwabci ake samunsa babu hanya zuwa gare shi, ya kafa hujja da hadisin nan da ya hana cuta da cutarwa. Maganar Ibnul Arabi ita ta fi dacewa da zaman birni, inda gida ke manne da gida, talaka kuma ba shi da kuɗin da zai rufe lambunsa da ragar waya saboda dabbar da ba shi ya ajiye ba.

Ya kamata mai karatu ya lura, malaman nan tsuntsaye da abinci suka ambata, ba tonon fangali ba. Kyanwa ba ta cin alayyafo. Abin da ke kai ta lambu shi ne ƙasa mai laushi, domin ɗabi'arta ce ta tona ta binne kashinta, inda kuwa ta yi yau, ƙanshin wurin zai komo da ita gobe. Amma ɓarnar dukiya ɓarna ce, ko da baki aka yi ta ko da farce, don haka ƙiyasin bai yi nisa ba.

Abin sha'awa, alƙalan wasu ƙasashe ma sun yi karo da wannan tambaya. Dokar dabbobi ta Ingila ta 1971 ta ɗora wa mai shanu da tumaki da kaji biyan ɓarnar da suka yi a filin wani, amma ba ta sa kyanwa a cikin lissafin ba. A Kanbera kuwa, babban birnin Ostireliya, an wajabta tsare duk kyanwar da aka haifa daga 1 ga Yuli, 2022 a cikin gidan mai ita. Ɗaya ta sake ta sarai, ɗaya ta kulle ta sarai. Fiƙihu ya bi tsakiya, ya rataya hukunci a kan hali da gargaɗi.

Ga yadda abin yake a aikace. Ɓarnar farko ba ta da biya, domin mai kyanwa bai sani ba, wanda bai sani ba kuwa ba a kiransa mai sakaci. Abin da ke kan mai lambu a nan shi ne ya je da kansa, ba ya aika yaro ba, ba kuma matarsa ta yi habaici ta kan katanga ba, ya yi sallama ya faɗa wa maƙwabcinsa abin da ya faru. Idan abin ya maimaitu, sai ya sake faɗa a gaban mutum biyu, ko a gaban liman ko mai unguwa. Wannan shi ne gargaɗin da malamai ke nufi, kuma daga ranar nan hukunci ya juya. Duk abin da kyanwar ta ɓata bayan haka yana wuyan mai ita, sai fa idan ya tsare ta tsaro na ƙwarai ta kuɓuce ba da sakacinsa ba. Wajen ƙiyasta kuɗi kuma, Halilu ya ce ana yi wa shukar da ba ta nuna ba ƙima ne tsakanin fata da tsoro, watau masana lambu su duba nawa za a saye ta yadda take, ga fatan ta yi kyau, ga tsoron ta lalace. Ba a biya wa mutum kwandon tumatir cikakke saboda tsiron kwana 10, ba a kuma sallame shi da kuɗin iri kaɗai alhali ya yi wata yana ban ruwa.

ABIN DA KE KAN MAI KYANWA

Wani zai ce, yaya za a tsare kyanwa, ga kuwa hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa? Hadisin ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abdullahi ɗan Umar. Amma laifin matar ba kullewar kaɗai ba ce. Ta tsare ta ne ba ci ba sha, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Ibn Hajar a sharhinsa na Buhari ya kawo cewa daga wannan hadisi ne ma aka fahimci halaccin ajiye kyanwa da ɗaure ta, muddin ba a yi sakaci da cinta da shanta ba. Ke nan wanda ya rufe kyanwarsa a ɗaki ko a zaure daga magariba zuwa hantsi, ya aje mata abinci da ruwa, bai yi zunubi ba, ya ma sauke haƙƙi biyu a lokaci guda. Sai ya samo tsohon daro ko kasko ya cika da yashi mai laushi ya aje a wani lungu, yana kwashewa kullum yana binnewa, domin kyanwar da ta sami wurin tono a gida ba kasafai take nema a waje ba. Mai ciki kada ta yi wannan aiki. Ya kuma ciyar da ita sosai. Masu cewa kyanwa mai ƙoshi ba ta kama ɓera sun yi kuskure, farauta a jininta take, yunwa kuwa ba ta ƙara mata kome sai shiga tukunyar maƙwabta.

Sai maganar yawa. Kyanwa tana ɗaukar ciki wata 2 da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara, muzuru kuma ba ya zama gida in ya ji ƙanshin mace. Malamai da yawa na wannan zamani sun halatta a kai su wurin likitan dabbobi a fiɗiye muzuru ko a tsayar wa macen haihuwa idan akwai cutar da ake son kawarwa, wannan kuwa yana rage yawo da faɗan dare.

Shi kuma mai lambu shari'a ta ba shi ikon kare dukiyarsa, amma daga mafi sauƙi ake farawa. Ya shimfiɗa ƙaya ko karan dawa a kan fangali har tsiro ya yi ƙarfi, ya yi ban ruwa da yamma domin kyanwa ba ta son taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya watsa ɓawon lemo, ya kwashe kashin da ya tarar tare da ƙasar wurin. In ya gan ta ya watsa mata ruwan sanyi ko ya daka mata tsawa. Duk wannan halal ne. Ruwan zafi kuwa, da jifa da dutse har a karya ta, da tarkon da ke datse ƙafa, azabtarwa ce, wanda aka ɓata wa alayyafo bai sami lasisin azabtar da mai rai ba. Guba ta fi duka muni, domin ba ta san wanda aka nufa ba: kazar gida na ci, karen wani na ci, yaro mai rarrafe ma yana iya kai hannu.

An tambayi Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 660, game da kashe kyanwa mai cutarwa, almajirinsa Ƙarafi kuma ya ruwaito amsar. Ya halatta da sharaɗi biyu: cutarta ta wuce abin da aka sani ga kyanwoyi, kuma ta yi ta maimaituwa. Sharaɗin farko ya fitar da wadda ta ɗauki naman da aka bari a buɗe, domin wannan ɗabi'arta ce. To, tona ƙasa mai laushi ma ɗabi'a ce, ba ta'addancin da ya wuce misali ba, saboda haka wannan fatawa ba ta zama hujja ga mai lambu ba. Balle kyanwar da ke da ubangida, wadda hanyar kai ƙara a kanta a buɗe take.

Bayan hukunci akwai abin da ya fi hukunci. Allah ya yi wasiyya da maƙwabci na kusa da na nesa a Suratun Nisa'i, aya ta 36, Manzon Allah kuma ya rantse har sau uku cewa imanin mutum bai cika ba matuƙar maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba. Imamu Gazali ya kawo labarin wani bawan Allah da ɓeraye suka dame shi, aka ba shi shawara ya ajiye kyanwa, sai ya ƙi, don tsoron kada ɓerayen su ji kukanta su gudu gidajen maƙwabta, ya zama ya so musu abin da ba ya so wa kansa. Ba a wajabta wa kowa kai wa nan ba, amma mai cewa ba ruwansa da inda kyanwarsa ta kwana ya dubi nisan da ke tsakaninsa da wannan mutum. An kuma ruwaito daga Hasanul Basri cewa kyakkyawan maƙwabtaka bai tsaya ga kame cuta ba, har da jure ta. Mai lambun da ya ƙirga tsiron da aka tone masa, ya ƙirga har da ɓerayen da kyanwar nan ta kashe masa a bayan rumbu bai biya ko kwabo ba.

Saura kyanwoyin da ba su da mai su, waɗanda suka cika kasuwanni da kangaye. Ibn Ƙudama ya ce idan kyanwa ta zauna a gidan mutum ba shi ya ajiye ta ba, ba kuma da zaɓinsa ba, ɓarnarta ba ta kansa. Wanda ya jefa mata ƙashi don Allah ya sami lada, bai zama mai ita ba. Amma wanda ya mai da ƙofar gidansa wurin tara su kullum, har suka yi sansani a jikin lambun maƙwabci, sai a roƙe shi ya matsar da sadakarsa wani wuri. Musulmin dā sun yi wa wannan tsari: masu tarihi sun ambata cewa Sarkin Masar Zahir Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don a ciyar da kyanwoyin da ba su da gida. Abin da ba shi da mafaka a shari'a shi ne ɗabi'ar nan ta ɗure 'ya'yan kyanwa a buhu tun ba su buɗe ido ba, a kai su wata unguwa da dare a zubar. Idan sun mutu, alhakin ransu na kan wanda ya zubar, idan kuwa sun rayu, ya kwashe cutar daga maƙwabcinsa na kusa ne ya kai wa na nesa. Sai a bar su su gama shan nono, kamar mako 8, sa'an nan a nemi mai rumbu ko mai shagon hatsi da ke bukata a ba shi hannu da hannu. Allah ne Mafi sani.